Kwangilar Lokos

Duk wanda ya san Jega ya san yadda gidajen lokos na bayan gari, masu rahusa da gwamnati ta gina, suka lalace: kwano ya yi tsatsa, bango ya tsage, kwata ta toshe. Wasu gidajen ƙananan ma'aikata ke maleji a ciki, sauran kuwa jemagu da tumfafiya sun gaje su. Da aka ce za a sabunta unguwar, Ladan ɗan kwangila ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya gaji da ginin kwalbati. Ya yi ta safa da marwa zuwa Birnin Kebbi, ko'ina sai a ce masa manya sun riga shi.

Da rana tsaka ya isa wurin wani boka a dajin bayan Mungadi, riƙe da ƙasar da ya ɗebo daga gindin gidajen, kamar yadda aka umarce shi. Bukkar ba taga. Ƙahoni rataye da jan ƙyalle, ga wata tukunya kife da busasshen jini ya yi mata ɓawo, amma ko ƙuda ɗaya babu. Boka ya juye ƙasar a ƙwarya, ya yanka baƙin zakara a kai. Ƙasar ta shanye jinin, ta zauna a bushe.

"Kangayen ga da masu su," in ji boka. "In ka gyara, ina za su?"

"Su tai inda sunka ga dama."

"Wurinka za su. Duk layin da ka rufe ma kwano, ɗaki guda za ka ba su."

Ladan ya yi dariya. "Ɗaki kaɗai? Na ba su."

Kwangila ta faɗo hannunsa. Ya sayi tifa, ya ɗora bene a Aliero, ya ware wa masu kangayen ɗakuna ya kulle. Ranar da aka rufe layin farko, ɗansa Jabir ya ajiye cokali ya yi magana da muryar tsohuwa: "Ɗakin ga ya yi muna ƙunci." Bai kai Juma'a ba. A layi na biyu, 'yarsa Bushra ta bi shi. A na uku, matarsa Raihanatu ta shiga kankare bango da farce tana kiran sunayen da ba wanda ya sani.

Ladan ya koma dajin afujajan. "Ɗaki munka yi da kai!"

"Sun gaji da bulo, jikin mutum suke so," in ji boka. "Ka bar musu layin ƙarshe, su koma, matarka ta warke."

Ladan ya fito yana zufa. A layin ƙarshe ne babban biyan yake. Ya yi ta kai da komo a tsakar gida, yana jin ihun Raihanatu. Da safe ya kira kafintoci.

Yau unguwar ta yi fes, yara na wasa ƙarƙashin fitilun sola. Raihanatu tana ɗaure a gidan iyayenta. Ladan kuwa yana zagaya kasuwar Jega ba takalmi, bakinsa ɗaya amma muryoyi da yawa, suna faɗa da juna, ba sa barinsa ya zauna ko ya runtsa.

Kai mai kwaɗayi, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya ba da kyauta, kuma da mutanen gidanka zai fara.