Lungun da Mai Kanti Ta Toshe

Yammacin da abin ya fara, Mai Kanti tana durƙushe tana jera sabulu, rana ta yi ja ta kwanta a kan rufin maƙwabta. Keken tela yana ta ƙara a shagon gefe, yara suna buga ƙwallo a bakin titi. Da aka kira magariba sai hayaniyar ta lafa, kamar an lulluɓe layin da bargo.

A cikin wannan shirun ne dutse ya daki kwanon da ke bayan firjinta. Ta ɗaga kai. Wani ya sake sauka. Ta leƙa layin baya da niyyar yi wa yara faɗa, ba ta ga kowa ba, sai gutsuren tsohon bulo a ƙasa. Da ta ɗauka ta ji shi da ɗumi, kamar yanzu ya bar tafin hannun mutum.

Wurin nan a da kango ne, fili tsakanin gidaje biyu kamar gurbin haƙorin da ya faɗi. Juji, ciyawa, karnuka, ga wata siririyar hanya da ta ratsa shi daga layin gaba zuwa na baya, wadda ba wanda ya san mai fara taka ta. Da mutanen unguwa suka gaji, suka haɗa kai aka ɗora bene a wurin, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Unguwa ta farfaɗo. Mai Kanti da mijinta, direban bas, suka samu ɗaki a sama da shago a ƙasa, su da 'yarsu ɗaya tilo, wadda ake kira Mage saboda tafiyarta ba a ji.

Sai dai tsohon maginin da ya yi aikin ya bar wani lungu tsakanin kantinta da shagon tela, daidai kan tsohuwar hanyar. Da aka ce masa ya yi asarar fili, cewa ya yi shi bai taɓa ɗora bulo a kan sawu ba. Mai Kanti kuwa kullum ta dubi lungun sai ta ga gurbin firji. Wata rana da tsakar rana ta kira kafinta ya toshe bakin gaba da na baya da kwano, aka fasa mata ƙofa ta cikin kanti. Da za a buga ƙusar ƙarshe ta yi bisimilla, yadda ta saba in za ta rufe komai.

"Ke ko kafar allura kika samu sai kin jera sabulu a ciki," in ji mijin. Suka yi dariya.

Jifan bai tsaya ba. Kullum magariba sai ya dawo. Mijin ya ce yara ne, ya je ya laɓe a layin baya da bulala. Ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba. Sai da ta matsa masa ya ce ya ga dutse ya tashi daga ƙasa da kansa. Daga nan aka fara jin murya, can ƙasa ƙasa, irin ta macen da ke kiran ɗanta ya shigo gida. Ta cikin lungun kuma, bayan firji, wani abu yana karta kwano a hankali. Tela ya fara rufe shago tun la'asar. Masu ciniki suka koma tsallaka titi.

Mage ce mai ɗauko wa mutane lemo daga firjin. Uwar ta lura tana daɗewa a ciki, ta kuma tarar da alewa a ajiye a ƙasa, an ɓare ledar. Da ta tambaye ta, yarinyar ta ce ta mai kuka ce.

Ba a jima ba Mage ta daina cin abinci. Idanunta suka faɗa, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Wata magariba aka neme ta a sama ba ta nan. Uwar ta sauko, ta same ta a tsaye cikin duhun lungun, tana karta kwanon baya da farce, jini yana bin yatsunta. Ta kira ta. Yarinyar ta juyo, ta dube ta da idon da bai san ta ba.

"Ba ta nan," ta ce, da muryar tsohuwa.

Washegari mijin ya ɗauko wani malami masanin ruƙiyya, dattijo mai sanyin magana. Malam ya ƙi hawa sama. Ya ce inda aka yi ɓarna nan ake gyara. Ya zauna a kan akwatin lemo a bakin lungun, aka kwantar da Mage a tabarma, uban ya riƙe kafaɗunta. Suka jira rana ta faɗi. Firji yana ta gurnani, can ya ɗauke ba tare da an taɓa shi ba.

Malam ya fara karatu. Dutse ya daki kwano, wani ya bi, har kwalabe suka shiga kaɗawa a kan kantar shagon. Bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba. Jikin Mage ya sandare, bayanta ya lanƙwashe, ƙato kamar ubanta ya kasa danne ta.

"Ya isa haka, Malam. Kana ƙona ni," in ji muryar tsohuwar nan daga bakin Mage.

Ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da 'yar mutane ta yi mata. Muryar ta ce ita mai bin hanyar nan ce tun ba a haifi kakan mai unguwa ba. Ta ce an zuba musu shara sun yi haƙuri, an zo da injin haƙa sun matsa, tunda an bar musu sawunsu. Yanzu kuwa sai a rushe benen duka, a mayar musu da kangonsu.

Malam ya ce wannan ba zai yiwu ba. Bayin Allah suna kwana a sama, suna neman halaliyarsu a ƙasa, kuma ƙasa ba ta aljan kaɗai ba ce.

"To na riƙe wannan. 'Ya a bakin 'ya."

"Wace 'yar?"

"Tawa. Tana barci a inuwar lungun nan da rana aka buga ƙusa. An rufe da sunan Allah, ni ban isa in buɗe ba. Ƙofar da matar nan ta fasa ta mutane ce, yarinya ba ta san wata hanya ba sai tamu. Ina jin kukanta, tana jin kirana."

Mai Kanti ta juya. Ta dubi duhun da ke bayan firji, inda take shiga kullum da silifas ɗinta tana ƙunƙuni a kan ɓeraye.

"Tun ranar tana ciki?" ta ce.

Sai kartar nan ta sake tashi, a raunane.

Malam ya ce za a buɗe, amma sai ta fita daga jikin yarinyar tukuna. Muryar ta yi wata busasshiyar dariya, ta ce ta san alkawarin ɗan Adam, a buɗe tukuna. Malam ya gargaɗi iyayen cewa aljani yakan yi ƙarya, in ta samu tata tana iya tafiya da biyu. Aka yi cirko-cirko. Numfashin Mage yana ta ƙanƙancewa.

Mai Kanti ta miƙe ta ɗauko guduma daga ƙarƙashin kantar shagon. Mijin ya kama zanenta, ta fizge.

"Baiwar Allah, ni zan fara," ta ce wa muryar. "Laifina ne, ba na Mage ba. Ke uwa ce, ni uwa ce. In kika ci amanata, Wanda na ambaci sunansa a kan ƙusar nan yana gani."

Ta matse ta wuce firjin. Sanyin wurin ya fi na firji, kuma wani abu ƙarami ya gogi ƙaurinta. Ta runtse ido ta yi ta dukan kwanon har ƙusoshi suka saki, ya faɗi a layin baya. Iska ta ratsa lungun ta wuce, ledojin alewa suka bi ta.

Shiru. Mage ba ta motsa ba. Uwar ta tsaya da guduma a hannu.

Can muryar ta dawo, a gajiye. Ta ce a cire na gaban ma, kar a sake ajiye ko tsinke a lungun, kuma in magariba ta yi a bar musu shi. Malam ya amince, ya sa ta rantse ba za ta hau bene ba, ba za ta sake taɓa ɗan kowa ba. Ta rantse. Babban yatsan ƙafar Mage ya karkaɗa, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Umma, ƙishirwa."

Firjin ya koma cikin kanti, ya cinye rabin wurin, har Mai Kanti sai ta karkace take wucewa. An toshe ƙofar da ta fasa da bulo. Tela ya dawo da ɗinkin yamma, mutanen layin baya suna ratsa lungun su zo sayayya, amma da an kira magariba ba mai taka shi, ba kuma wanda ya ce a daina.

Mage ta yi ƙiba, ta koma makaranta, ba ta tuna komai. Sai dai wani lokaci, in rana ta faɗi suna rufe kanti, takan juya kai wajen lungun da ɗan murmushi, kamar wadda ƙawa ta kira ta wasa. Uwar ba ta tambayarta. Wuyan hannunta kawai take kamawa, kuma ba ta saki sai sun hau sama ta rufe ƙofa.