Sabuwar Igiya a Gadon Baba

Sai da hanya ta buɗe Uzairu ya samu fita daga Hasahisa zuwa ƙauyensu kusa da Suki, ya tarar an daɗe da binne mahaifinsa. Inna ta koma kwana kan tabarma, ta jingine angarib ɗin tsohon, wato gadonsa na igiya da aka kai shi makwanci a kai, a bayan ɗaki, igiyarsa duk ta ruɓe.

Uzairu ya ce ba zai bar Inna a ƙasa ba. Ya kankare ƙafafun gadon, ya shafa musu shuɗin fenti, ya zauna saƙa sabuwar igiya. Magariba ta kawo jiki yana kai, Inna ta zagaya alwala.

Sai wani dattijo ya yi sallama, rawani ya rufe masa rabin fuska. Awaki suka daina tuƙa.

"Saƙarka ta yi sako-sako, ya waladi, ɗana. Miƙo bakin igiyar."

Uzairu ya miƙa, a zatonsa maƙwabci ne. Yatsun da suka taɓa nasa sanyi ƙalau kamar ruwan randa, ga ƙamshin kafur. Suka yi ta ja tare. Dattijon ya dafa ɗanyen fentin, bai bar shaida ba. Da suka gama ya hau ya kwanta, fuska alƙibla. Igiyar ko lotsawa ba ta yi ba.

"Yanzu ya yi," in ji shi a hankali. "Ran da aka ɗauke ni a kansa, na yi ta jiran kafaɗarka, Uzairu."

Uzairu ya matso bakin gadon.

"Baba," ya ce.