Gurbin Matar Mai Kati

"Karanta!"

Baba ya jefa takardar a kan keken ɗinkinsa, ta zame ta faɗa cikin guntayen yadi. Auta ta sunkuya ta ɗauka. Tun kafin ta buɗe ta gane tambarin otal ɗin da take aiki.

"Da ƙarfi za ki karanta. Ban yi boko ba, amma kunnena bai toshe ba."

"Baba, don Allah..."

"Na ce karanta!"

Wani mutum da ya zo karɓar riga ya ga yanayin shagon, ya sulale ya fice ba tare da rigar ba.

"Kwana bakwai... ɗaki ɗaya... kujera biyu a jirgi..."

"Layin ƙasa!"

Ta sauke ido zuwa ƙasan takardar. "Matar mai kati..."

Sunanta ne a wurin, cikakke, har da na mahaifinta.

"Yaushe na aurar da ke?" in ji Baba. "Wace rana? Barci nake yi ko suma na yi?"

Auta ta durƙushe a ƙasa ta fashe da kuka.

Ga yadda aka yi.

Shekara uku Auta na zaune a teburin karɓar baƙi. Dogo kuwa mai gyaran janareta ne, kamfaninsu na tura shi gari-gari, kuma duk inda ya je a reshen wannan otal yake sauka. Kowane kwana ana zuba masa maki a kati, shi bai ma san da zaman su ba. Ita ta fara gaya masa.

"Maki?" ya ce yana dariya. "Ni da tun da na bar makaranta ba wanda ya ƙara ba ni maki? Can ɗin ma ba su da yawa."

Daga wannan dariya aka fara. Kafin shekara ta zagayo yana kiran ta Zumata, ita kuma in ta ji warin man inji a ƙofa sai ta gyara ɗankwali.

Abokan aikinsa na kashe makinsu a ɗaki mai faɗi da karin kumallo. Dogo ya ƙi taɓa nasa. Akwai wani abu da otal ɗin ke kira haɗin tafiya: ka ba da makinka gaba ɗaya, a ba ka kwana bakwai a duk reshen da ka zaɓa, a haɗa maka da mil, wato makin kamfanin jirgi, wanda zai ishe ka sayen kujera.

"Ban gaji gida ba, ban gaji mota ba," ya ce mata. "Amma wallahi sai na ɗora ki a jirgi. Amaryata ba za ta yi makon farko tana jin kukan janaretar maƙwabta ba."

"To in na yi amai a jirgin fa?"

"Sai in ce ban san ki ba."

Baba bai taɓa son aikin otal ba, bai kuma so siriki mai kwana a hanya ba. Da ƙyar Inna ta shawo kansa aka sa rana, saura wata huɗu.

Sai ga sanarwa: ƙarshen wata za a daina haɗin tafiya kwata-kwata. Wanda bai canja makinsa ba, ya rasa.

Dogo ya zo da rana tsaka, ya jingina da teburin, zufa na zuba.

"Zumata, canja yanzu."

Ta danna ta danna, sai ta tsaya.

"Akwai matsala. Ba sa raba mil gida biyu sai ga matar mai kati. In ba haka ba, kujerarka kaɗai za a ba ka."

"Sa wadda zan aura."

"Babu wannan gurbin. Na matar aure ne kawai, ko babu."

Suka kalli juna.

"Wata huɗu ne fa..." ta ce a hankali. "Wa zai sani? Kwamfuta ce."

"Anya kuwa?"

"Haba Dogona! Shekara uku kana tarawa, a kan layi ɗaya za mu zubar?"

Ita ta rubuta sunanta da hannunta. Shi ya sa hannu a ƙasa.

Kujerar da ke gefenta kuwa ta Gimbiya ce, abokiyar aikinta, wadda aka laƙaba wa sunan saboda ko biro ba ta ɗauka sai da yanga. Ita ta fara ganin Dogo tun kafin Auta ta zo. Ta sha ba shi ɗaki mai kallon lambu, shi kuwa ko lambun bai taɓa lura da shi ba. Ranar a kan idonta aka cike takardar. Bayan mako biyu ta fitar da takardar, ta sayi yadi, ta nufi shagon Baba wai ɗinki ta kawo. Kafin ta fita ta karanta masa ita, ta bar masa. Takardar ba ta nuna ranar kwanan ba, don ba a zaɓa ba tukuna. Ranar da aka yi ta kawai ta nuna. Duk wanda ya gani cewa zai yi an riga an kwana.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauki hoton takardar ta tura a waya. Kafin la'asar ta kai hannun mahaifiyar Dogo, ta kai unguwa.

Auta ta yi wa Baba bayani tana kuka, tun daga maki har zuwa mil. Ya saurara yana lanƙwasa awon ɗinki a yatsa.

"Ban ce kin kwana da shi ba," ya ce. "Na san abin da na haifa. Amma shekara arba'in ina wannan shago, ko yadin mutum ban taɓa rage kamu ɗaya ba. Yau ana nuna ni da baki a kan hanya. Je ki gaya masa ya cire sunan 'yata daga inda ya sa shi. In ya cire ya zo ya same ni."

A gida Inna ba ta yi faɗa ba. Kallon ta kawai ta yi ta ce, "Auta, garin neman gira kin rasa ido."

Wannan ya fi mata duka ciwo.

Washegari suka shiga ofishin Manaja su biyu. Mutum ne mai ƙiba da tabarau, ya juya kwamfutarsa yadda za su gani.

"Abin da aka canja ba ya komawa maki. Ko na soke tafiyar, sunan na nan a matsayin mata. Hanya biyu ce kawai ake cire shi."

"Wace da wace, ranka ya daɗe?" in ji Dogo.

"Mai kati ya sa hannu cewa matar ta rasu. Ko ya sa hannu cewa sun rabu."



"Ke kuma," Manaja ya juyo, "kin san ma'aikaci ba ya taɓa abin da ya shafe shi. Daga gobe kin bar tebur, kin koma ɗakin wanki. Ki gode Allah ban kore ki ba."

Ya ajiye takardar da biro, ya fita ya bar su.

Dogo ya ture biron.

"Ba zan sa ba."

"Dogo..."

"In rubuta na rabu da ke? Ni? Gara a yanke hannun!"

"Takarda ce kawai!"

"Waccan ma haka kika ce."

Ta kama gefen rigarsa, hawaye na zuba har wuya.

"Ka ji abin da mahaifiyarka ke cewa? Wai na kai kaina kafin a kai ni! Ba na iya shiga kanti, ba na iya ɗaga kai a layinmu. Baba ya ce a cire. In ka cire zai huce, na san shi. Don girman Allah, Dogona... in kana so na ka sa."

Ya daɗe yana kallon ta. Idanunsa sun yi ja.

"Hannuna ne zai sa, Zumata. Zuciyata ba ta sa ba."

Ya ɗauki biron.

Da hantsi ya isa shagon Baba, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa. Auta na tsaye a bayan labulen gwajin kaya, inda Baba ya ce ta tsaya.

"Baba, Allah ya huci zuciyarka. An cire."

Baba bai daina taka keken ba sai da ya kai ƙarshen layi. Ya yanke zare da haƙori.

"Madalla. Ta yaya aka cire?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Tambaya na yi, yaro."

"Sun ce... sai na sa hannu cewa mun rabu."

"Ka sa?"

"Na sa, Baba."

Baba ya zare tabarau ya ajiye a kan keken. Bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ka aure ta a takarda ban sani ba. Ka sake ta a takarda ban sani ba. Don kujerar jirgi ka ce matarka ce. Don ka faranta min ka ce ka rabu da ita. Kai duk wanda ya matsa maka sai ka sa hannu kenan? Gobe in mahaifiyarka ta miƙo maka biro fa?"

Auta ta banko labulen.

"Baba, ni na sa shi! Wallahi ƙi ya yi! Ni na roƙe shi, duka biyun ni ce!"

"Na sani," in ji Baba. "Shi ya sa. Ke yarinya ce, tsoro ya kama ki. Shi ne namijin da zan damƙa wa amana." Ya juya ga Dogo. "Da ka dawo ka ce min, Baba, ba ya ciruwa sai da wata ƙaryar, ni kuwa na gama ƙarya, ka yi min yadda ka ga dama... wallahi da na tashi daga kujerar nan na rungume ka."

"Baba, ka yi min rai..."

"Tashi ka sa takalminka. Ba na zagin ka, ba na tsine maka. Amma 'yata ba zan ba ka ba."

"Baba!!!"

Ya mayar da tabaransa, ya jawo wani yadin.

An yi roƙo. Inna ta yi, kawunnan Dogo sun yi, har tsofaffin layin sun zo sun zauna a bencin shagon. Baba ya ba kowa ruwa ya sha, ya raka shi ƙofa. Mahaifiyar Dogo kuwa cewa ta yi ta huta. Gimbiya ta samu teburin ita kaɗai, ta yi ta gyara jan baki duk ranar da aka ce ma'aikatan janareta za su sauka. Dogo bai ƙara shigowa ta ƙofar gaba ba.

Auta ta rame har zoben hannunta ya fara zamewa. Daga safe zuwa yamma tana ninke zannuwan gadon da wasu suka kwana a kai.

Ranar da ya kamata a ce an ɗaura aurensu, aka ce mata ana sallama da ita a ƙofar baya, inda ake loda kayan wanki. Ta fita da tawul a kafaɗa.

Dogo ne, da jaka a hannu. Shi ma ya zube.

"Na nemi canjin wurin aiki, an ba ni. Nesa ne. Jirgina ƙarfe huɗu."

"Da kujerar?"

"Da ita. Taki ta mutu ranar da na sa hannu." Ya ajiye jakar a ƙasa. "Zumata, zan sayar da kayan aikina in saya miki wata. Ki biyo ni. Can akwai alƙali, akwai mutane, za a ɗaura mana. In mun haihu Baba zai sauko."

"Ba ka san Baba ba."

"Ke na sani! Ke nake so!"

"In na bi ka, abin da Gimbiya ta ce ya zama gaskiya. Baba ya rufe shago, Inna ta daina fita." Ta goge ido da tawul ɗin. "Me ya sa ba ka ce min a'a ba, Dogo? Sau ɗaya kacal..."

"Ban taɓa iya ce miki a'a ba. Kin sani."

"Na sani."

Ta kalle shi sosai, tun daga tabon ƙunar da ke hannunsa har zuwa gashin da bai aske ba.

"To ni zan ce mana mu biyu. A'a, Dogona. Je ka, kada jirgi ya tashi ya bar ka."

"Auta..."

Ta juya da sauri, don ta san in ya sake kiran ta sau ɗaya ƙafarta ba za ta tafi ba. Ta tura ƙofar ƙarfen ta rufe, ta sa sakata.

Ya tsaya a wurin har direban motar wanki ya yi masa oda ya matsa.

Ita kuwa ta zauna a ƙasa tsakanin buhunan zannuwa, ta cusa tawul a baki don kada masu guga su ji. Ba ta tashi ba sai da shugabar ɗakin wanki ta leƙo ta ce baƙin hawa na uku na jiran a gyara musu gado.