Sharaɗin Baba Manasseh

Keziya tana tsakar gida tana feraye doya, amma kunnenta yana falo. A can Natan ya durƙusa gaban mahaifinta, Baba Manasseh, dattijon cocinsu na Sabon Garin Keffi, yana neman izinin turo magabata.

"Wa za ka turo?" in ji Baba.

"Fasto ya ce zai tsaya mini, Baba."

"Fasto na kowa ne. Ina yayanka Bitrus na Agwada?"

Wuƙar ta tsaya a hannun Keziya. Ta san wannan sunan ba a ambatonsa gaban Natan. Lokacin da mahaifiyar su Natan ta kwanta ciwon ajali, Natan yana Legas yana koyon kanikanci, kuma akwai saɓani tsakaninsa da Bitrus. Bitrus bai kira shi ba. Sai da aka binne ta ya ji a bakin wani direba. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Na ga baftismarka, ina jin muryarka cikin mawaƙan coci," Baba ya ci gaba a hankali. "Amma mutumin da ya iya riƙe ɗan'uwansa a zuciya shekara da shekaru, ranar da 'yata ta ɓata masa fa? Ban ce a'a ba, ɗana. Na ce tukuna."

Washegari Natan ya hau babur ya nufi garinsu Agwada. Da yamma ya tsaya ƙofar shagon ɗinkin da Keziya ke aiki, idanunsa jajur.

"Na ɓata komai, Kezi. Na je ne don in same ki, ba don na yafe ba. Ina ganin fuskarsa sai bakina ya kuɓuce mini. Har maƙwabta suka fito."

"To ka koma ka ce masa sori kawai mana, a wuce wurin."

Ya girgiza kai. "Babanki zan iya ruɗa, Ubangiji fa? Na zaci ranar da na fito daga ruwan baftisma an gama da ni. Ashe farawa aka yi."

Kafin wata ya ƙare ya kwashe kayan aikinsa ya koma Agwada, ya kafa rumfar gyaran babura kusa da gidansu. Ya ce daga nesa ba zai taɓa koyon yafiya ba.

Keffi ta yi wa Keziya faɗi. Ran Lahadi idonta ya riƙa zuwa kujerar da yake zama a layin maza, ta tarar da wani. In ɗan acaɓa ya rage gudu a ƙofar shago sai ƙafarta ta tsaya a kan keken ɗinki. Ƙawarta Khaulat, 'yar unguwar Yara, ta ce, "Ke, wai siriyos kike za ki jira? Ga ma'aikacin Abujan nan kullum yana kawo yadi, alhali ba ɗinki ne ya dame shi ba." Keziya ta yi murmushi kawai, ta koma bayan labule ta share ido.

A gida kuwa ta canja. Takan dire wa Baba kwanon tuwo ta juya ba sannu. In ana addu'ar safe ta yi gum. Wata rana Mama, mahaifiyarta, ta same ta a madafa, ta ja kujera ta zauna.

"Kina roƙon Allah ya ba Natan zuciyar yafe wa wanda ya hana shi ganin uwarsa. Ke kuma ubanki, da cewa kawai ya yi a dakata, kin kasa gaishe shi. A cikinku wa ya fi buƙatar addu'ar?"

Keziya ta fashe da kuka. "Mama, kewarsa nake. Kamar an cire mini wani abu a ƙirji."

"Na sani, 'yata. Amma ba shi kaɗai ake gyarawa ba."

Ba ranar ta sauya ba. Ta fara da "Ina kwana, Baba" a daƙile. Daga baya ta iya zama har ya gama cin abinci. Sai wata safiya ta ji bakinta yana sa masa albarka a addu'a, kuma har zuciya.

Natan yakan kira ta ran Asabar. Labarinsa bai taɓa yawa ba. "Yau na iya ambatar sunan Bitrus gaban Allah." Wani makon: "Na gaishe shi, bai amsa ba." Akwai Asabar da bai kira ba sam, ta wuni tana duba waya. Da ya kira, muryarsa a dushe: "Na sake faɗuwa, Kezi. Ya yi maganar mahaifiyarmu, na zage shi. Anya irina na gyaruwa?"

"Bara in ka yi haka, barci kake yi abinka," ta ce. "Yau ga shi kana kuka. Tashi ka ci gaba."

Damina ta wuce, aka haƙe doya, wata daminar ta sauka. Babur ɗin Bitrus ya lalace, Natan ya gyara ba a roƙe shi ba. Matar Bitrus ta fara aiko masa da abinci. Ranar da Bitrus ya ɗauke shi ya nuna masa kabarin mahaifiyarsu, Natan ya kira Keziya, amma ya kasa magana. Numfashinsa kawai take ji, ita ma tana hawaye.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani dogon mutum mai kaushin hannu ya yi sallama a gidan Baba Manasseh, Natan na biye da shi, ya rame, ya yi duhu.

"Ni ne Bitrus," ya ce bayan ya durƙusa. "Na zo nema wa ƙanena aure. Ni na cuce shi, Baba, amma shi ya riƙa zuwa ƙofata har na ji kunya."

Baba ya dubi Natan. "Ka gama yafewa?"

"A'a, Baba. Akwai safiyar da abin ke dawo mini sabo. Sai in sake miƙa wa Yesu."

Baba ya miƙe, ya kama hannunsa ya ɗaga shi. "Da ka ce ka gama, da na ce ka koma. Mama, kira mini Keziya."

Ba sai an kira ta ba, tana bakin ƙofa.

An ɗaura auren bayan girbi. Har yau in sabbin tuba suka zo wa Keziya da kukan cewa sun sake faɗuwa, takan zaunar da su ta ce: rayuwar da ke faranta wa Allah ba a rana ɗaya ake shiga ta a gama ba. Kaɗan-kaɗan Ruhunsa ke aiki, ta gaisuwar da aka yi da ƙyar, ta fushin da aka haɗiye, ta tashi bayan faɗuwa. Wanda ya yi haƙuri da wannan aikin a cikin kansa, zai iya haƙuri da shi a cikin wanda yake so.