Cikin da Babu Jariri

Gumsu tana tsugune a bayan ɗaki, a gidan iyayenta da ke Gomari, tana wanke zannuwan da ta ɓata, karo na uku tun safe. Wata huɗu da haihuwar ɗanta na fari, jini bai ɗauke ba. Mahaifiyarta ta ce wankan jego ne bai ratsa ta ba, aka ƙara wa ruwa wuta. Ba abin da ya ƙaru sai rama da tari.

A kemis ɗin unguwa aka yi mata gwajin fitsari. Ya nuna ciki.

To mijinta Ajimi, mai fataucin kifi banda, tun ranar suna yana can bakin tafki, bai leƙo gari ba. Mai kemis ya fesa wa tasa matar, kafin la'asar zance ya kai unguwar Bulumkutu, kunnen Ya Kaltumi uwar Ajimi. Tir da bakin mutane, ya fi kifin da ya kwana wari.

Ya Kaltumi ta iso ko sallama babu. Ta toshe hanci da gyale, ta fizge jikanta, wai ba zai ƙara shan nonon cikin shege ba. Ta buga wa ɗanta waya, ta ce ya aiko da saki.

Bai aiko ba, ya zo da kansa. Ya tarar da Gumsu ta zama ƙashi da rai.

"Dube ni. Akwai abin da ya kamata in sani?"

"Yaya, tsakanina da Allah babu. Ni dai mutuwa nake ji."

Ya ɗauke ta sai asibiti, uwarsa biye tana cewa an shanye mata ɗa. Aka yi hoton ciki, aka ɗebi jini. Likita ta dubi tsohuwar.

"Hajiya, babu jariri. Ƙari ne ya tsiro daga ɓurɓushin mabiyiya, shi ke sa gwaji ya nuna ciki. Har ya taɓa huhu. Da kun ƙara wata biyu kuna shari'a, gawa za ku ba takardar saki."

Wata shida ana yi wa Gumsu allurai, gashi ya zube, nono ya ƙafe. Ajimi ya bar fatauci yana jinya, ita kuwa ba ta taɓa aibata uwarsa ba. Ranar da aka ce ta warke, Ya Kaltumi ta mayar da yaro, ko kunya babu, wai laifin mai kemis ne. Yaron ya yi ta ƙiwa, sai da Gumsu ta goya shi ya lafe.

'Yan mata ku ji: jini bayan arba'in, asibiti ake kai shi. Ku kuma surukai, ko kifi banda sai an zazzage kwali har ƙasa ake tayawa, balle mutuncin 'yar mutane.