Kyanwar Sariyu

Duk masu keke-napep na tashar kasuwar kifi ta Epe sun ƙi ɗaukar Ashake ranar. Tana tsaye cikin rana, rungume da kwando an rufe shi da tsohon zane, abin da ke ciki yana kuka. Duk wanda ya leƙa ya ga baƙar kyanwa ce sai ya tofar da yawu ya ja kekensa.

"Kai ta inda kuke taronku na mayu, can ake yi mata magani," in ji wani. Aka kwashe da dariya.

Gbolahan bai yi dariya ba. Ya matso da kekensa har gabanta.

"'Yar'uwa, ina zuwa?"

"Asibitin dabbobi. Ƙugiya ta haɗiye."

Ya ɗaga zanen. Zaren kamun kifi na reto a bakin kyanwar.

"Kar ki ja zaren nan. Shigo."

Bai yi gudu ba. Kowane rami sai ya kauce masa. A madubi yake satar kallonta, yarinya doguwa, ta rame, idonta ya yi ja. Ita ko sau ɗaya ba ta dube shi ba.

Ashake 'yar marigayiya Sariyu ce mai bandar kifi. Tana Legas tana ɗinki aka kira ta, ta iso an riga an rufe uwar. Abin da ta tarar ɗaki ne, da gangar banda, da zannuwa, da kyanwar nan Dudu. Tun rasuwar, Dudu ba ta sake cin komai a gidan ba. Bakin ruwa take zuwa tana tsintar abin da masunta suka yar. A nan ta gamu da ƙugiyar.

Likitar ta tsaga cikin, ta ciro ƙarfen, ta ɗinke. Da Ashake ta fito da la'asar, keken yana nan inda ta bar shi.

"Ba ka tafi ba?"

"Wa zai mayar da ku? Waɗancan?"

Likitar ta bi su har bakin ƙofa da magani.

"Yau ba za ta so abinci ba, kada ki damu. Daga gobe kaɗan-kaɗan, mai laushi, mai ɗumi. Amma ki ji ni da kyau. Kyanwa ba kare ba ce. In ta daɗe ba ci, hantarta ce ke lalacewa."

Gobe ta zo, Dudu ba ta ci ba. Jibi ma haka.

Ashake ta yi duk abin da aka ce. Ta dafa kifi ta cire ƙaya ta murje shi. Ta ɗumama. Ta cire mata mazurarin robar da aka sa mata a wuya don kada ta lashi ɗinkin. Ta ɗibo a ɗan yatsa ta kai mata baki. Dudu ta sunsuna, ta juya fuska ga bango.

Saƙon Gbolahan ya shigo wayarta.

"Mai kyanwa, yaya majinyaciyarmu?"

"Ta ƙi ci, Direba."

"Ke fa?"

Ta kife wayar.

Ya zo da kifin gwangwani. Ya dawo da hantar kaza. Har Legas ya aika aka sayo masa abincin kyanwa na kanti, ya kawo yana taƙama kamar ya kamo giwan ruwa. Dudu ko kallon kwanon ba ta yi ba. Sai ɗan romo da Ashake ke ɗiga mata ta gefen baki da sirinji, rabi ya shiga rabi ya zube.

Suka mayar da ita asibiti. Likitar ta duba ɗinkin, ta yi mata allura.

"Ciwon yana warkewa, babu zazzaɓi. Ban ga abin da ya hana ta ba. In ba ta ci ba zuwa jibi, sai dai mu sa mata robar ba da abinci ta wuya. Kuma ban yi miki alkawarin komai ba."

A hanya Ashake ta yi kuka. Gbolahan ya tsayar da keken a gindin wani mangwaro ya bar ta ta yi mai isarta.

"Ban ga fuskar Mama ba," ta ce. "Wannan ce ta gan ta ƙarshe. In ta mutu, ba ni da kowa a garin nan. Legas zan koma."

"Ni fa, ba kowa ba ne?"

"Kai direba ne."

"To direban ya kamu. Ƙugiyar da aka ciro mata, ni ta samu, kuma babu likitan da zai taɓa ni."

Ta yi murmushi cikin hawaye. Shi ne na farko tun da ta dawo.

Da yamma ya rubuto mata.

"Ashakena, Dudu za ta ci. In ta ci, zan turo manyana. In ba ta ci ba ma zan turo."

"Kada ka yi alkawari da bakin kyanwa, Direbana."

Magana ba ta kwana a kasuwar kifi. Ta kai kunnen Iya Gbola, uwar Gbolahan. Rumfarta ce ke manne da ta Sariyu tun suna 'yan mata, kuma ba su gaisawa. Abin da ya haɗa su tun farko babu mai tunawa. Iya Gbola ce ta fara cewa cinikin Sariyu ba na Allah da Annabi ba ne, baƙar kyanwar nan ce ke jawo mata masu saye. Mutane suka ɗauka. Mutane ba su da aiki.

Gbolahan ya kwanta rub da ciki a gabanta, yadda ɗa ke gaida uwa.

"Tashi," ta ce.

"Sai kin saurare ni, Mama."

"To ka kwana a nan. Duk matan Epe ba ka ga kowa ba sai 'yar Sariyu? Mai kwana da baƙar kyanwa a gado? Mutane na ciwo ba su je asibiti ba, ita ta kai dabba an yi mata aiki, ba ka tambayi kanka dalili ba?"

"Kyanwar uwarta ce."

"Abin da nake faɗa maka ke nan, sakarai. Ga Kafaya nan, 'yar mutunci, na riga na yi wa uwarta magana."

"Ke kika yi, Mama. Ni ban yi ba."

Kafaya 'yar shugabar matan kasuwa ce, kuma ta daɗe da sa ido a kan Gbolahan. Washegari da safe ta biya ta gidan Sariyu, ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

"Sannu da jinya. Na ce bari in gaya miki don kada ki ji a bakin wasu. Gidan su Gbola sun kusa kawo doyar neman aure gidanmu. In kina ɗinkin anko, sai in kawo miki."

Ƙarya ce. Amma mai makoki ba ta da ƙarfin bincike. Ashake ta ɗauki waya.

"Na gode da ɗawainiya. Allah ya sanya alheri. Kada ka sake zuwa."

Ya kira, ta kashe. Ya zo, ta ƙi buɗewa. Ya rubuto:

"Ban san abin da aka gaya miki ba. Ni mace ɗaya na sani. Ina bakin ƙofa."

Ba ta karanta ba. Ya koma gida ya jingine keken, ya ƙi fita aiki, aka kawo masa abinci ya ture.

Iya Gbola ta dubi kwanon, ta dubi ɗanta. Ta ɗaura ɗankwali.

"Yau zan ga abin da ta ba ka ka ci."

Da azahar ta isa, da tiren kifinta a ka, don daga can kasuwa za ta wuce. Ba ta yi sallama ba, ta tura ƙofar.

Ashake na zaune a ƙasa cikin zanen uwarta. Kwanuka sun kewaye ta, kowanne da abinci ba a taɓa ba. Dudu na kwance a tabarma, ciki a aske, ɗinki a fili, ƙasusuwan baya sun fito. Yarinyar ta yunƙura ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Mama."

"Ni ba uwarki ba ce. Na zo ne in ce ki sakar min ɗana."

"Na sake shi, Mama. Gobe za a sa wa wannan roba. In ta tafi, ni ma na tafi."

Iya Gbola ta zo da magana cike da baki. Sai idonta ya sauka a kan zanen da ke jikin yarinyar. Zanen ta sani, shuɗi mai zanen ganye, shekara da shekaru tana hararar sa. Ta ga yarinyar ta ɗibo kifi a yatsa tana miƙa wa kyanwar tana lallashi.

"Me kike yi haka?"

"Ba ta nake yi."

"Haka uwarki ta koya miki?"

"Ban taɓa ganin tana ba ta ba. Ina Legas aka samo ta."

Tsohuwar ta yi tsaki. Ta sauke tiren.

"Rabonki da abinci yaushe?"

Ashake ta ci gaba da miƙa wa kyanwar kifin.

"Tambayarki nake."

"Ba ya wucewa, Mama. Tun da na dawo, sai dai shayi."

"Kawo faranti."

Ta zaɓo bandar tarwaɗa mafi kyau a tiren, ta hura wutar gangar Sariyu, ta ɗumama ta har ƙamshi ya cika ɗakin. Ta tuƙa teba da hannunta. Ta ajiye a gaban yarinyar.

"Miƙe ƙafa. Ɗauko ɓarauniyar nan ki ɗora a cinya, a hankali, ki kula da ɗinkin. Ajiye farantin a gefenki na hagu. Yanzu ci."

"Ni?"

"A'a, ni. Ci nake cewa! Kuma kada ki kalle ta."

Ashake ta kai loma. Ta tauna a hankali ta haɗiye.

"Ƙara. Sariyu ba ta taɓa zuba wa dabbar nan abinci a kwano ba. In azahar ta yi sai ta zauna haka ta buɗe abincinta. Ta ci, ta gutsura, ta sauke hannu ƙasa kamar ba ta sani ba, tana zagin masu saye. Wannan kuma ta ɗauka kamar sata take yi. Kullum a gabana. Har amai yake sa ni."

Ashake ta kai loma ta uku, hawaye na zuba cikin miyar. Ta gutsuri kifi, ta sauke hannu gefen cinyarta, idonta a bango.

Babu mai motsi.

Sai ta ji hanci mai sanyi a yatsunta. Sai harshe mai kaushi.

"Mama..."

"Rufe baki. Ci gaba da ci."

Gutsure kaɗan Dudu ta ci, ta lashe baki, ta kwantar da kai a kan zanen. Ashake ta fashe da kuka mai sauti, irin wanda ba ta samu ta yi a kan kabari ba. Iya Gbola ta juya baya tana gyara kifin da ba ya bukatar gyara.

"Ba ta iya ƙirga canji ba, uwarki," ta ce. "Kuma bandarta ta fi tawa. Yanzu rumfar shiru, ba ni da wanda zan harara."

Ta ɗora tiren a ka. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Babu doyar da aka kai gidan kowa. Wancan sakaran ma ya ƙi ci. Gida biyu kun hana ni sakat. Zan turo shi, ku ci tare, in huta."

Ba a sa wa Dudu roba ba. Kowace azahar Gbolahan na ajiye keke, su zauna a tabarma, faranti ɗaya, hannun Ashake a ƙasa. Ranar da aka cire ɗinkin, likitar ta ɗora kyanwar a sikeli ta ce ta ƙara nauyi. Ta dubi Ashake ta ce ita ma haka.

Kafaya ba ta kawo ankon ba. Ba a tambaye ta ba.

Bayan ƙaramar salla aka kawo doya, da zuma, da busasshen kifi wanda Iya Gbola ta banda da kanta a gangar Sariyu. Yarinyar ba ta da uba a raye. Ni mai ba ku labarin nan, ni nake gyara wa ubanta jirgin kamun kifi har ya mutu, don haka ni na zauna a mazauninsa. Gbolahan ya kwanta a gabana da abokansa, na bar shi ya ɗan jima a ƙasa kafin na ce ya tashi.

Da aka kawo amarya ta durƙusa gaban surukarta, Iya Gbola ta ɗago ta ta zaunar a cinya, yadda ake yi. Aka ce ta sa albarka. Ta dafa kan amaryar.

"Kada Allah ya bar ɗayanku ya ci shi kaɗai," ta ce. "Sariyu, ga 'yarki nan a hannuna. Ki yi barci."

Aka ce amin.

Har yau ɓarauniya Iya Gbola take kiran Dudu. Amma in azahar ta yi a kasuwa, ku duba hannunta na hagu, za ku gan shi a ƙasa da gutsuren kifi.

Allah ya ba su zuriya mai albarka, ya kai haske kabarin Sariyu.