Namijin Gwandar da Lauratu Ta Sare

Gwanda ba ta da wani ƙarfin jiki, cikinta duk ruwa ne. Lauratu ta ɗaga addar Babanta ta kai sara, ta ƙara, sai ga doguwar bishiyar ta tafi ƙasa yif. Fararen furanni suka watsu a kan fangalin albasa, ƙamshinsu ya cika lambun.

Ƙamshin nan ne ya hana ta sakat tun jiya.

"Gobe ma ka tsinko mata," ta faɗa tana haki.

"Lauratu...?"

Ta waiwaya. Salmanu ne, ya taso daga wurin jigon ban ruwa a bakin rafin Kubanni, wandonsa a naɗe, ƙafafunsa duk laka. Ya dubi kututturen da ke tsatso farin ruwa, ya dubi addar, sannan ya dube ta.

"Me kika yi, sanyin idona?"

"Kada ka ƙara kirana haka. Ka je ka kira Atika."

Bari in koma baya kaɗan, don kada a ce 'yar mutane ta zautu haka kawai.

Salmanu baƙo ne a Tudun Wada. Aikin shimfiɗa layin dogo ya kawo shi Zariya, da aikin ya ƙare abokansa suka bi jirgi suka yi gaba, shi kuwa ya tsaya saboda wata mai tallar fura mai saurin fushi. Ba gona gare shi ba, ba dangi. Abin da ya iya shi ne lambun gwanda, ya koya a hannun wani tsohon Banufe. Da ya aika neman auren Lauratu, mahaifinta Baba Gwadabe, dillalin fata, ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Gwanda? Abin da ke tsirowa a bayan makewayi? Da shi za ka riƙe min 'ya?"

Aka yi ta ba shi baki. Daga ƙarshe ya ara wa Salmanu wata 'yar fadamarsa, ya ce, "Na ji an ce kukun Turawa da mutanen tasha suna nemanta ido rufe. In lambun nan ya yi 'ya'yan da za su ciyar da gida kafin damina ta sake faɗuwa, na ba ka. In bai yi ba, ka bar min fadamata, ka bar min 'yata."

Salmanu ya duƙufa. A kowane rami ya sa dashe uku, domin gwanda ba a gane macenta da namijinta sai ta yi fure. Da suka yi fure ya bi rami-rami yana tuge mazan, tunda ba sa haihuwa, yana barin matan. Namiji ɗaya tak ya bari, can a kusurwar gabas.

To, a nan Atika ta samu ƙofa. Atika ƙawar Lauratu ce ta talla, gidajensu na kallon juna, kuma ta daɗe tana satar kallon Salmanu. Jiya a bakin rijiya ta zo da farin fure soke a gefen ɗankwali, tana yi tana shafa shi.

"Kin ji ƙamshi? Furen namijin gwanda ne. Kullum sai an tsinko min."

"Wa yake tsinko miki?"

"Ke ma kin sani. Ke da kike da wayo, ki yi lissafi mana. Mutum ya tuge duk mazan lambunsa, ya bar guda ɗaya da ba zai ba shi ko ɗa ba, yana ba shi ruwa yana ba shi taki. Don wa kike tsammani?"

Maganar ta zauna wa Lauratu daram. Ita da kanta ta sha ganin Salmanu tsugune a kusurwar nan, yana tona ƙasa a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Da ta tambaye shi, da magana ta ƙare. Amma ina, Lauratu ba ta tambaya, sai dai ta yanke hukunci. Gari na wayewa ta zari adda.

Yanzu ga ta tsaye, ga bishiya a kwance.

"Atika kuma?" Salmanu ya tambaya. "Me ya haɗa ni da Atika?"

"Furen da kake tsinko mata. Bishiyar da ka bari dominta."

Ya zauna a kan bishiyar da ta faɗi, ya dafe kai.

"Lauratu, ban taɓa tsinkar fure ɗaya a jikinsa ba, ko ke ban tsinko wa ba. Garin da ke cikin furen nan shi ƙwari ke ɗauka su kai wa matan. In babu shi, duk furen da kika gani a lambun nan zai kaɗe. Wanda ya ɗaura ma zai zube tun yana kamar ƙwan zabo."

Addar ta suɓuce daga hannunta.

"To... to me kake yi a kusurwar nan kullum?"

Ya miƙa hannu ya ɗaga wani faffaɗan ganye da ya faɗo. A ƙarƙashinsa ga wani ɗan tsiro bai kai gwiwa ba, ganyensa zagaye, gefe ɗaya ya karye.

"Gwandar daji ce. Ranar da na fara sayen furarki kin ce babu abin da kike so irinta, sai dai tana nisa. Na je har bayan Dutsen Abba na tono ta da saiwarta. Ba ta son dashe, sai da lallashi. Na so sai ta kama sosai in nuna miki."

Kunya ta rufe Lauratu, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da hannunta ta sare aurenta, saura ƙiris ta haɗa da kyautarta. Ta durƙusa ta fashe da kuka.

"Ka yafe min, Malam... don Allah ka yafe min."

"Yafiya mai sauƙi ce, Lauratuna. Baba ne ba ya cin yafiya, gwanda ya ce a kai masa."

Ba a daɗe ba maganarsa ta tabbata. Kowace safiya sai a tarar da furanni a ƙasa, da 'yan ƙananan 'ya'ya sun yi rawaya sun faɗo. Baba Gwadabe ya zagayo lambun da sandarsa, ya ture ɗaya da ƙafa, ya ce, "Hadari ya fara leƙowa ta gabas, yaro." Bai ƙara komai ba ya wuce.

Ran nan Lauratu na dakan fura sai tunani ya faɗo mata. In ba Salmanu ke tsinkowa ba, daga ina Atika ke samun fure? Ta ajiye taɓarya ta leƙa ta saman danga. Ga shi nan a bayan ɗakin Innar Atika, dogon namijin gwanda ya yi fure jingim. Cikin ragowar dashen da Salmanu ya rarraba wa maƙwabta ne tun farkon damina.

Ta ruga lambu ta gaya masa.

"Nisan ya yi wa ƙwari yawa," ya ce, "amma hannu zai iya. Tsohon da ya koya min yakan tsinko furen namiji da sassafe ya goga a bakin na macen, kamar yadda ya ce ana yi wa dabino. Sai dai fa gidan su Atika ne."

"Ni zan je."

Ta je. Ta tarar da Atika na tsefe kai a tsakar gida. Ta tsaya a gabanta ta ce:

"Fure na zo roƙo, Atika."

Atika ta dube ta sama da ƙasa, ta yi murmushi.

"Ashe dai ana roƙona. To, ban hana ba. Amma mai lambu ya zo da kansa ƙofar gidanmu, ni zan miƙa masa hannu da hannu. Kullum."

Zuciyar Lauratu ta yi wani irin tafasa. Ta so ta kifa mata mari, wallahi ta so. Sai ta tuna da 'yan 'ya'yan nan masu rawaya a ƙasa.

"Zai zo," ta ce.

Ita da kanta ta riƙa rako shi. Kowace safiya sai ta tsaya can gefen zaure, ta harɗe hannu, tana kallon Atika ta fito da kwalli raɗau, tana miƙa wa Salmanu furanni a faifai, tana jan gaisuwa. Kishi bai bar Lauratu ba ko kaɗan, cin ta yake kamar gara. Ta dai koyi cije leɓe. Shi kuwa Salmanu sai ya karɓa ya ce, "Allah ya saka da alheri," ya juya ya miƙa wa Lauratu faifan, su nufi lambu. Shi yana buɗe furen macen, ita tana gogawa, don yatsunta sun fi nasa siriri.

Wata safiya Atika ta fito ba kwalli, ta wuce Salmanu ta dangwara wa Lauratu faifan a hannu.

"Daga gobe ke kaɗai ki zo. Na gaji da kallon ƙeyar mutum."

Lauratu ta buɗe baki, Atika ta tare ta.

"Ƙarya na yi miki a kan furen. Son da nake masa kuwa ba ƙarya ba ne. Ki riƙe abinki da kyau."

Ta shige gida da sauri. A karon farko Lauratu ta ji tausayinta.

'Ya'yan suka ɗaura, suka rungume wuyan bishiyoyin suna ta ƙiba. Ba duka suka yi ba, waɗanda suka zube sun zube. Ana gab da ruwan farko, Salmanu ya kai kwandon farko tasha ya dawo da shi wayam, ya ware mafi girma ya kai zauren Baba Gwadabe. Lauratu na laɓe a bayan asabari, numfashinta a riƙe.

Baba ya yanka, ya kwashe baƙaƙen ƙwayoyin, ya kai yanki baki. Ya tauna, ya ƙara wani, ruwan na bin gemunsa.

"Na ji labarin wadda ta sare bishiya," ya ce.

Lauratu ta ƙara maƙalewa a bayan asabari.

"Na kuma ji labarin wadda ta riƙa tsayuwa a ƙofar gidan mutane da faifai." Ya goge gemu. "Yaro, kana ganin za ka iya da ita?"

"Zan iya, Baba. Sai dai zan riƙa ɓoye adda."

Baba Gwadabe ya yi dariya har ya ƙware, ya ce a turo magabata.

Aka ɗaura aure cikin damina. Gwandar dajin nan ta warke ta yi sabon reshe. Da lokacin sabon dashe ya zo, Lauratu ce ta zaɓi namijin da za a bari a kusurwar gabas, ita ke ba shi ruwa, ita ke ba shi taki.

Ranar da ya fara fure, Salmanu ya miƙa hannu zai tsinko guda ya soka mata a ɗankwali. Ta riƙe hannun gam.

"Bar shi ya yi aikinsa, Malam," ta ce. "Ni na san abin da furen nan ya ci min."